Ƙullin Da Na Kwance

Wata Laraba ce a tsakiyar Agusta, shekarar da na gama firamare, hantsi ya same ni durƙushe a ɗakin Yaya Nasiru a gidanmu na Tambuwal, riƙe da wayoyi biyu baƙaƙe, gumi na bin bayana duk da sanyin ruwan da aka kwana uku ana yi. A gabana akwai akwatin katako mai ƙwan zabi arba'in, kwanansu ashirin da huɗu a ciki, saura kwana huɗu su ƙyanƙyashe. Kuma ƙwan ba namu ba ne. Na Goggo Hauwa ne, yayar Baba da ke Fakku a ƙasar Kebbe, wadda ta bi zabinta gona-gona tana tsinto su, ta damƙa wa Yaya amana bayan kowa ya ce mata kada ta soma.

Yaya yana karatun lantarki a Sakkwato lokacin, da hutu yake zuwa gida. Shi ya harhaɗa akwatin da hannunsa: ya shimfiɗa buhu, ya rataya fitilu biyu don ɗumi, ya sa ɗan kwanon ruwa a kusurwa. A jikin murfin ya kafa wani ɗan allo shuɗi da bai kai tafin hannuna ba, wanda ya yi wata uku yana jiran a kawo masa daga Legas. Shi ne ƙwaƙwalwar abin. In zafi ya yi yawa sai ka ji ƙas, fitilu sun mutu. In ya sauka, ƙas, sun kama. Akwai ɗan gilashi mai nuna lambar zafi, kuma duk safiya kafin in tafi ɗebo ruwa sai na leƙa na ga talatin da bakwai da rabi. Mutanen unguwa kuwa dariya suke yi. A zauren Baba wani tsoho ya ce, "Yaro shina son ya koya ma katako kwanci."

Ni ce mai aikin juya ƙwan sau uku a rana, don hannuna ba ya rawa. Amma ina da wani hali da Inna ta dasa mini tun ina ƙarama: ban iya ganin abu a sarƙe in wuce. Igiyar guga, igiyar ɗaurin akuya, zaren saƙar hula, kitson ƙannena in za a tsefe, duk ni ake kira. Ko a ƙofar gida muna tsallen igiya, in ta ƙulle ni ake miƙo wa. Ana yaba mini, ni ma ina jin kaina.

Ranar Lahadi Yaya ya ɗauki Baba a babur suka tafi bikin suna a Fakku, da niyyar kwana ɗaya. Kafin ya fita ya nuna mini batir na biyu da ya cika da wutar sola, ko da na jikin akwatin zai yi sanyi. Wayoyin da ke haɗa akwatin da batir duka baƙaƙe ne, daga tsohuwar fanka ya yanko su, don haka ya ƙulla ɗaya kusa da bakinta, kamar yadda masu gyaran rediyo ke yi. "Luba, mai ƙulli bisa jan kan batir, marar ƙulli bisa baƙi. In kinka juya su, allon ya tafi." Na mayar da maganar waƙa, ina daka ina rera ta. Sai ruwa ya ɓalle, hanya ta yanke, wayarsa ba ta shiga, rana kuma ta ƙi leƙowa balle farantin sola ya sha.

Larabar nan na tarar fitilun sun yi ja, lamba ta sauko talatin da biyar. Na cire wayoyin biyu, na ja tsohon batir gefe da ƙyar, na turo sabon. Kafin in gama wayoyin sun nannaɗe da juna a ƙasa. Na ɗauka ina warwarewa, hankalina na kan lambar da ta ɓace daga gilashi, yatsuna na aikin da suka saba. Sai da na miƙar da su sumul a kan cinyata na gane abin da na yi. Wayyo ni! Na kwance ƙullin.

Na duba wadda ta fi lanƙwasa, duka a lanƙwashe suke. Na bi su da yatsa, sun shige rami ɗaya a murɗe, ga ƙusa ta danne. Na taɓa ƙwan, ɗuminsu yana raguwa. Da na kira Inna, da na tsaya, da wataƙila labarin ya canja, amma tsoron faɗa da girman kai suka haɗu mini. Na ce ai ɗaya ce cikin biyu. Na yi bisimilla na ɗora. Wani ɗan sauti ya fita, tas, bai kai fashewar gyaɗa a kasko ba, siririn hayaƙi ya tashi daga allon, ɗakin ya cika da ƙaurin roba. Na yi maza na juya wayoyin, na sake juyawa, ina kuka ina roƙon abin ya kama. Gilashin ya tsaya baƙi ƙirin.

Ƙaurin ne ya kawo Inna. Ta dubi allon, ta dube ni. "Mi kinka yi?" Na nuna mata wayoyin. Ba ta buge ni ba, ta ce in zura hijabi in bi gidaje in tambayo mai kaza a kan kwanci. Na shiga gida goma sha ɗaya cikin taɓo, takalmina ɗaya ya tsinke na bar shi a kwata, kowace mata sai ta tambayi dalili kafin ta ce babu. Kaji biyu na samo, da kwandunansu. Inna ta zuba ruwa mai ɗumi a ƙwarya, tana tsoma ƙwan ɗaya-ɗaya. Mai rai sai ya yi ɗan motsi. Talatin da shida suka motsa. Kaza ba ta rufe fiye da sha huɗu. Na tsaya ina kallo tana zaɓar waɗanda za su shiga ƙarƙashin fiffike, takwas ɗin da suka rage ta binne su a dusa kusa da murhu. Ba su kai ba. Bayan sati na fasa ɗaya a bayan gida, na ga ɗan zabo cikakke, har da zane-zanen kansa. Ranar ban ci tuwo ba.

Da Yaya ya dawo ran Juma'a, ya daɗe tsugune gaban akwatin, yana shafa wayar da babban yatsa a daidai inda ƙullin yake dā. Bai tambaye ni komai ba. Ashirin da uku suka fito a ƙarƙashin kajin aro. Da Goggo ta zo ɗaukarsu ta tsare shi a tsakar gida, ina bayan turmi ina ji, ya sunkuyar da kai ya ce, "Goggo, injin nawa ne ya ƙone. Ki gafarce ni." Ta ce ita ta jawo, da ta ba wayoyi abin da Allah ya ba kaza. Daga nan samarin unguwa suka laƙaba masa Mai Soya Ƙwai, sunan ya bi shi shekaru. Inna ta yi shiru don shi ya roƙe ta. Ni kuwa tsoro ne ya rufe mini baki.

Yanzu irin allon nan ɗaliban da nake koyarwa suna yawo da shi a aljihu, wayoyi ja daban baƙi daban, in ɗaya ya ƙone a sayo wani. Yaya ya zama mai haɗa wa gidaje sola, ba mai tuna tsohon sunan. Goggo ce dai ta rasu tana ɗaukar cewa ɗan ƙanenta ya yi wasa da amanarta, kuma sau nawa na zauna kusa da ita a Fakku, maganar na bakina, na haɗiye. Ina kewar gidan nan da kukan zabi da asuba, amma ƙaurin roba har gobe faɗar mini da gaba yake. Tun ranar ban sake kwance ƙulli ba sai na tambayi wanda ya ɗaura shi.