An Samu Na Kunu

A gidanmu na Karare ba a jin tatsuniya kyauta. Da an yi magariba an ci tuwo, Iya, kakata ta wajen uba, za ta sa a hura wuta a tsakar gida, ta dire wa kowane jika ƙwarya cike da gyaɗa. Kana ɓara kana jin labari. Hannunka ya tsaya, bakinta ya tsaya. Ɓawon kuwa cikin wuta muke watsa shi, har yau in na ji ƙaurinsa sai in ji kamar za a ce mini, "Ke Sa'a, hannu."

Iya mace ce mai barkwanci, takan kwaikwayi tafiyar kura har mu yi ta birgima. Amma akwai maraicen da ba ta yi dariya ba ko sau ɗaya, kuma ni na jawo.

Ina 'yar shekara tara, damina ta yi kyau. Da rana wani baƙo ya jingine kekensa a ƙofar gida ya nemi ruwa, na kai masa. Ya sha, ya tambaye ni yaya amfanin gona bana. Ni kuwa da rawar kai na ce rumbunanmu duk sun cika, har an zuba sauran gyaɗar a ɗakin Inna, mahaifiyata. Ashe Iya na cikin zaure tana ji. A wajenmu kuwa, ko mutum ya noma abin da zai ci shekara uku, in aka tambaye shi cewa yake, "Alhamdu lillahi, an samu na kunu." Ba ya ƙara komai a kai.

Ba ta dake ni ba, ba ta ma yi mini faɗa ba. Da aka hura wuta sai ta zaunar da ni daf da gwiwarta, ta ce, "Ga wata nan tafe, ku matsa ku ba ta wuri."

Wai gafiya ce take kai soyayyar gyaɗa kasuwar dabbobi, kuma duk kasuwar babu mai irin tata. Kullum ta wata hanya daban take zuwa, tana tafe tana share sawunta da wutsiya. Da tsufa ya kama ta sai ɗiyarta ta karɓi tallan. Ɗiyar tana da fara'a da baki, nan da nan ciniki ya fi na uwar. Rannan masu saye suka ce, "Wannan gyaɗa haka, mu dai muna son mu ga inda take fitowa." Ta ji daɗi, ta wuce gaba suka bi ta, kurege da zomo da bushiya, duk abokan ciniki na gaskiya. A can baya kuma ga dila, wanda bai taɓa sayen ko ƙwaya ɗaya ba, amma ya fi kowa yabo.

Ta nuna musu bakin ramin, ta nuna musu taskar, har ta kira uwar ta fito aka gaisa. Kowa ya sa albarka ya tafi. Dila ma ya sa albarka, sai dai shi yana tafe yana waiwaye.

A nan Iya ta tsayar da labarin. Wutar ta ja baya, babu wanda ya ƙara mata ɓawo. Na ce, "Iya, sai me ya faru da uwar?"

Ta dube ni ta ce, "Mi kike so shi faru? Ɗiyar dai tana kasuwa, ita ba ta cikin ramin."

Ba ta ce ƙurunƙus ba, ta tashi ta shige ɗaki. Kwana bakwai Baba yana shimfiɗa tabarmarsa a gindin rumbu da sanda a gefe. Babu abin da ya faru. Wataƙila bawan Allah ƙishirwa ce kawai ta kawo shi.

Shekaru suka ja, Iya da Baba suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Na yi karatu a Katsina na gama, aiki ya ƙi samuwa. Ni da ƙawata Zulai muka fara sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta waya. Inna da matan unguwarmu ke soyawa a Karare, a ɗoro a akori-kura zuwa Batsari, daga nan ya iso mana, mu zuba a leda da kwalabe masu kyau mu manna suna. Masu sayenmu matasa ne irinmu, ma'aikata da ɗalibai, waɗanda suka gaji da man da ba su san asalinsa ba. Lokacin kuwa ƙasarmu ta riga ta rikice. Ɓarayin daji sun hana noman gonakin nesa, kuma kowa ya san ba sa shiga gida sai an ba su labarinsa.

Zulai akwai basira, ita ta kawo shawarar. Ta ce, "Sa'a, 'yan yanzu ba ƙuli kawai suke saye ba, so suke su ga hannun da ya yi shi. Ki ɗauko mana Inna tana suya, wallahi kaya sai sun yi mana kaɗan."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ban yi musu ba. Da na je gida na ɗauki Inna a waya tana matse tunkuza, tana dariya tana kare fuska da gefen mayafi. A bayanta ga rumbuna, ga buhuna jingine, ga shanun huɗa biyu a turke. Ni duk ban ga waɗannan ba, hasken da ya faɗo a kan man kawai nake kallo. Na koma Katsina, ranar wata Laraba da hantsi na saka bidiyon, na rubuta a ƙasa, "Daga Karare, daga hannun mahaifiyata."

Kafin azahar waya ta ƙi yin shiru. Wannan na son kwalba biyar, wancan na tambaya ko muna aikawa Abuja. Muna ta murna, Zulai har da rawa. Can wajen la'asar sai ga wani saƙo daga wanda babu hoto a shafinsa, babu cikakken suna. Bai tambayi farashi ba. Cewa ya yi, "Masha Allah, gida ya yi albarka. Wane gida ne wannan a Karare?"

Wallahi a take na ji ƙaurin ɓawon gyaɗa a hancina. Na yi maza na goge bidiyon, amma mutane sun riga sun tura wa juna, ba ni da ikon dawo da shi. Na kira Inna, ba sabis. Na sake kira, na kira maƙwabta, duk shiru. Zulai tana cewa in kwantar da hankali, wataƙila mai saye ne kawai. Na ce mata na sani, wancan ma wataƙila ƙishirwa ce kawai ta kawo shi. Ba ta gane abin da nake nufi ba.

Da sassafe na kama hanya, mota zuwa Batsari, daga nan babur. Duk wanda muka wuce a hanya sai na dubi fuskarsa in ga ko akwai labari a cikinta. Na tarar da Inna lafiya lau tana shara. Na durƙusa na faɗa mata abin da na yi, ina kuka. Ta jingine tsintsiyar, ta daɗe tana kallon rumbunan, sannan ta ce, "To. Tashi ki kama mini kaya."

A cikin satin aka sayar da shanun, aka kwashe hatsin, Inna ta koma ɗakin haya a Batsari. Matar da aka kawo gidan nan tana amarya, ta haife mu duka a cikinsa, ni na fitar da ita da waya. Ba ta taɓa yi mini gori ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Har yau ban san ko mai saƙon nan dila ne ko zomo ba.

Da ina yarinya na ɗauka Iya rowa take koya mana, ko tsoron bakin mutane. Sai yanzu na gane abin da ya sa ta ƙi ƙarasa labarin. Ɗiyar gafiya ba ƙarya ta yi ba, ba ta cuci kowa ba, kasuwancinta ma ya yi kyau. Abin da ta manta shi ne ba ita ke kwana a ramin ba.

Sana'armu tana nan, ta ma fi da. Muna nuna kasko, muna nuna man yana tsiyaya, amma ba fuska, ba bango, ba sunan gari. Kwanan baya wata mai saye ta matsa mini da tambaya, wai ga dukkan alamu mun yi nisa, yaya kasuwa. Inna na zaune a gefena a ɗan ɗakin nan nata, tana ɓarar gyaɗa a ƙwarya. Na ce, "Alhamdu lillahi, ana samun na kunu."

Inna ba ta ɗago ba, hannunta dai bai tsaya ba.