Odinatar da Ba Ta Barci

A biron rabon hatsi na Zango, wato ofishin, bana da fari ya yi tsanani, akwai wani siririn ma'aikaci mai tabarau ɗaure da zare. Da gani gwauro ne, don a bisa tebur yake cin gumbarsa. Kullum sai ya kwantar da odinatarsa, wato kwamfuta, ya tafi Azahar, ya dawo ya iske ta farke, tana shanye batir. Ya canja wayar wuta, ya yi tofi, har laya ya ɗaura mata.

"Baiwar Allah, wa ke tashinki?" yake tambayar odinatar.

Iya Delu da ke zaune a layi ta san mai tashin: kazar maigadi ce ke hawa tana tsattsagar gumba tsakanin maɓallai. Ta ci gaba da jan carbinta. In ta faɗa, wuƙa ce a wuyan kazar, kaza kuwa tana da 'yan tsaki.