Sawun Kekunan Orvil

Orvil Kucera mijin yayata ne, kuma surutunsa ya ishe ni tun ranar ɗaurin aurensu. Shekara talatin yana rabon wasiƙu a ɗan ƙaramin garinmu na jihar Nebraska a Amurka. Da ya yi ritaya sai ya koma malamin tarihi, ba wanda ya naɗa shi. Duk Asabar ɗin farkon wata yakan tara mu a ɗakin karatu, ya yi ta ba da labarin kakanninmu da suka keto daji da kekunan shanu. Ni ke dafa gahawa, don haka ba damar gudu.

Abin alfaharinsa wasu layuka biyu ne da suka nutse cikin ciyawa a bayan gari. Wai sawun kekunan ne. Ya kewaye su da igiya, ya kafa allo. In ya kai jama'a wurin har hula yake cirewa, sai ka ce maƙabarta.

Bara aka turo wata dattijuwar garinmu, Goggo Verna, wurin a keken guragu daga gidan tsofaffi, shekararta casa'in da ɗaya. Ta ƙura wa layukan ido, ta ce, "Kai Orvil, wa ya ce maka keken shanu ne? Motar babanmu ce! Lokacin fari kullum sau huɗu muke jido wa shanu ruwa ta nan. Ni ce ma direba."

Wayyo! Na tausaya masa, amma wallahi sai da na yi dariya. Kwana uku bai leƙo waje ba. Na same shi na ce, "Yaya, ka ce gigin tsufa ne mana. Wa zai musa maka?"

"Ke dai ki ji da gahawarki," in ji shi. "Ban taɓa ɓoye wasiƙar wani ba."

Asabar ta zo, ɗaki ya cika maƙil, rabi gulma ce ta kawo su. Orvil ya miƙe tsaye. "Jama'a, shekara goma sha biyu ina nuna muku sawun mota. Ku yafe ni. Yau mai labarin ce za ta yi magana."

Awa guda cur yana riƙe wa Goggo Verna makirfo, tana faɗin yadda rijiyoyi suka ƙafe, shanu suka yi ta faɗuwa. Da ta gama sai ta kama hannunsa.

"Ɗan nan," ta ce, "shekara saba'in ba wanda ya taɓa tambayata."