Kwalin Takalmin da Uwar Eugene Ta Zubar

Duk namijin da aka haifa a garinmu lokacin yaƙin duniya na biyu ko jim kaɗan bayansa, in ka zauna da shi minti goma zai gaya maka uwarsa ta zubar masa da katunan besbol, wasan nan da ake buga ƙwallo da sanda. Katunan nan ne masu hoton 'yan wasa, da ake sayarwa a ƙunshe da cingam kan senti biyar, yara su yi ta tarawa a kwalin takalmi, su girma su bar gida, uwa ta zo shara ta watsa a bola. Wannan kuka ya zama ruwan dare a jiharmu ta Ohio, har ya koma kamar gaisuwa. Amma cikin masu kukan babu wanda ya kai Eugene Pavlik iya rera shi.

Eugene mai raba wasiƙu ne, shekara talatin yana taka titunan unguwarmu da jaka a kafaɗa. Dogo ne siriri, ga kunnuwa fato-fato, tun yana yaro haka suke. Mutum ne mai kunya, in ya miƙa maka wasiƙa ƙasa yake kallo. Sai dai a ambaci katunan shekarar hamsin da biyu, nan take za ka ga ya miƙe, murya ta buɗe.

Labarin nasa bai da tsawo. Yana da cikakken jerin katunan hamsin da biyu, ɗari huɗu da bakwai cif, ko kusurwa ɗaya ba ta lanƙwashe ba. Ciki har da katin nan mai lamba ɗari uku da sha ɗaya, na matashin ɗan wasan New York, wanda a yau mai kyansa zai saya maka gida har da gareji. Ya tafi soja, ya dawo, ya leƙa ƙarƙashin gado, wayam. Nan yake tsayawa, ya cire tabarau, ya goge, sannan ya ce, "Mama ta yi shara."

Farkon da na ji labarin, lamba ɗari uku da sha ɗaya guda ɗaya ce. Zuwa lokacin da ya yi aure ta zama biyu. Da farashin katuna ya yi tashin gwauron zabo sai ta haihu, ta zama uku. Ban ce Eugene maƙaryaci ne ba, shi ma ya yarda da abin da yake faɗa. Matarsa Marlene kuwa ba ta ɓoye wa kowa cewa labarin ne ya sa ta aure shi. Wai a wurin rawar coci ta ji yana ba da shi, tausayi ya kama ta, kafin ta farga an sa rana.

Asabar ta farkon kowane wata masu tara katuna kan haɗu a zauren 'yan kwana-kwana. A jera tebura, a dafa kofi mai ɗaci, a kawo donot, tsofaffi masu furfura su duƙa kan hoton wani ɗan wasa da gilashin ƙara girma suna duba kusurwa kamar likitocin ido. Sai kuma gardamar da ba ta ƙarewa, wace shekara ce katunanta suka fi kyau tun bayan yaƙi. Wasu na hamsin da uku suke so, don da hannu aka zana fuskokin. Wasu sun rantse da hamsin da shida. Eugene ko kati ɗaya na hamsin da biyu babu a teburinsa, 'yan sababbi masu araha yake kasawa, amma in ya yi magana shiru ake yi. Wanda ya yi hasarar gida uku ai ya cancanci kujerar gaba.

Mutum ɗaya ne ba ya raga masa, Vince Tedesco mai aski, gajere mai tumbi, abokinsa tun firamare. Shi Vince katunan hamsin da biyar yake ƙauna, waɗanda aka zana wa hoton kewayen katako kamar akwatin talabijin.

"Kai da 'yan talabijin ɗinka," in ji Eugene. "Ko kyauta aka ba ni ba na karɓa. Ina yaro ko kallonsu ban yi ba."

"Sannu babban attajiri," in ji Vince. "Ni dai nawa ga su a tebur. Naka fa? Sai a bakinka muke ganinsu."

"Je ka tambayi Mama."

Sai zaure ya kwashe da dariya. Abin da babu wanda ya tsaya ya duba shi ne, Maman nan tana raye, layi huɗu ne tsakaninta da zauren. Irene Pavlik, gwauruwa, ita ce ke jagorantar matan coci wajen naɗa firogi, kwaɓin fulawa mai cushen dankali, duk Juma'a. Shekara talatin ana kiranta matar da ta zuba gida a bola. Mahauci ya tsokane ta, mai gyaran famfo ya tsokane ta, har sabon fada da aka turo, bai yi wata ba ya ce mata, "Ashe ke ce!" Ita kuwa sai ta yi murmushi ta ci gaba da murza fulawa.

A shekarar casa'in da shida gwiwoyinta suka ƙi hawa bene, aka yanke shawara ta koma gidan Eugene. Ranar Alhamis ya ɗauki hutu ya je haɗa mata kaya. Tana zaune bakin gado tana ba da umarni, shi yana kan kujera yana sauko da tarkace daga saman kabad. Bayan kwalin kayan adon Kirsimeti hannunsa ya taɓa wani kwali ƙarami, an ɗaure da igiyar shanya. A jikin murfin an rubuta da rubutun yara: NA EUGENE, KAR A TAƁA.

Saura ƙiris ya faɗo daga kujerar.

"Mama! Mene ne wannan?"

"Ba ka iya karatu ba ne? Kai da wasiƙu ne aikinka."

Ya zauna a ƙasa, zuciyarsa tana lissafa gidaje. Ya kwance igiya, ya ɗaga murfi. Abin da ya fara cin karo da shi 'yan talabijin ne, tuli guda, katunan Vince da ya ce ko kallonsu bai taɓa yi ba. Kuma kowane ɗan wasa an yi masa gashin baki da biro. Wasu an ƙara musu ƙaho, wani kuma an baƙanta masa haƙora biyu. Can ƙasa ya tarar da na hamsin da biyu, ba ɗari huɗu ba, da ƙyar su kai arba'in, gefensu duk ya zama yage-yage. Sai a lokacin ya tuna. Su ne yake maƙalawa a wayoyin ƙafar kekensa da abin maƙale shanya, don in yana gudu ya riƙa ƙara kamar babur.

Gumi ya karyo masa. Ya zazzage kwalin kaf, ya bi ɗaya bayan ɗaya. Da bai ga wanda yake nema ba sai ya ɗan sami ƙarfin gwiwa.

"To ina mai lamba ɗari uku da sha ɗaya? Shi kam kin zubar, ko?"

"Miƙo min jakata."

Ta ciro littafin addu'arta mai baƙin bango, wanda take zuwa coci da shi tun kafin a haife shi. Ta buɗe tsakiya, ta zaro kati ta miƙa masa. Shi ne. Bayan hoton shuɗi, ɗan wasan da sanda a kafaɗa, tamkar yau aka fito da shi daga takarda. Sai dai inda kan ɗan wasan ya kamata ya kasance an yanke da almakashi, an manna wani kai. Kan yaro ne ɗan shekara takwas, da wushirya, da kunnuwa fato-fato, an yanko daga hoton makaranta.

"Kai ka yi da almakashin ɗinkina," in ji ta. "Ka kawo min kicin ka ce, Mama, ga ni in na girma. Ubanka ne ya ce zai ƙona kwalin, shekarar da ka faɗi lissafi, na ɗauke na ɓoye, kai ko lura ba ka yi ba. Wannan kuma na riƙe, don duk cikinsu shi ya fi kyau."

Maganar Eugene ta fito da zafi, irin na wanda aka kama.

"Shekara talatin, Mama! Me ya hana ki gaya min?"

"Ka tambaye ni? Ka dawo daga soja, ka leƙa ƙarƙashin gado, ka ce na zubar. Na buɗe baki, ka buga ƙofa. Na ce bari ya huce. Kafin ka huce na ji ka a wurin rawar coci kana ba da labari, mutane sun kewaye ka. Kai da ko sunanka aka tambaya sai ka yi in'ina! Ga yarinya a gefe tana share hawaye. Na hau sama na buɗe kwalin, na ga gashin baki, na ce a'a, wannan in ya fito yaron nan ba zai yi aure ba."

Ta karɓe katin ta mayar cikin littafi.

"Ɗaure kwalinka ka kai bola da kanka, ɗan nan. Ba wanda ya sani. Ni na riga na saba."

Wannan kalmar ta "na saba" ita ta hana Eugene sakat. Ranar Juma'a ya raba wasiƙu kamar wanda bai san unguwar ba, na mahauci ya kai wa mai kantin magani. Ya san abin da ke jiransa in gaskiya ta fito: kujerar gaba ta tafi, shirun da ake yi masa ya tafi, Vince kuwa sai ya mutu yana dariya. In kuma ya yi shiru, tsohuwa za ta shiga kabari da sunan da ba nata ba. Kunya ta kama shi sosai, irin wadda bai taɓa ji ba.

Ranar Asabar da safe zaure ya cika, sai ga Eugene ya shigo, kwali a hammata, uwarsa riƙe da hannunsa tana dogara sanda. Ba ta taɓa taka wurin ba. Wani daga baya ya ɗaga murya, "Jama'a, kowa ya ɓoye katinsa, mai shara ta iso!"

Aka yi dariya. Eugene bai yi ba. Ya dire kwalin a teburin Vince ya buɗe. Vince ya ɗauki na sama, ya duba, ya ɗauki na biyu, ya ɗago kai a hankali.

"Gene, 'yan talabijin nake gani, ko idona ne?"

"Su ne."

"Waɗanda ko kyauta ba ka karɓa?"

"Su ne, na ce."

"Wane ɗan iska ne ya yi musu gashin baki?"

"Ni ne."

Vince ya riƙe tumbi ya zame daga kujera. Kafin ka ce me, an yi dafifi, kwali yana zagaye hannu zuwa hannu, tsofaffi suna tari don dariya. Eugene ya tsaya kunnuwansa sun yi jajir, ya jira hayaniya ta lafa. Bai cire tabarau ba, bai goge ba, kuma in'inar yarinta ta dawo masa.

"Ma-mama ba ta zubar da komai ba. Ita ta ajiye. Ni na lalata da hannuna, na ɗora mata. Jerin ma bai taɓa cika ba."

"To gidaje uku fa?" in ji Vince yana share ido.

"Ɗaya ne. Mama, nuna musu."

Ta buɗe littafin addu'a. Vince ya goge hannunsa a riga, ya karɓi katin da yatsu biyu, ya kafa masa gilashi. Kowa ya miƙo wuya, don duk wanda ke wurin ya san shuɗin nan, wasu ba su taɓa ganinsa ido da ido ba. Ya duba kusurwa huɗu, ya juya baya, ya sake juyowa.

"Shekara arba'in ina wannan harka," in ji shi, "ban taɓa ganin kusurwa mai kaifin wannan ba. Launi bai koɗe ba, ko ƙwarzane babu. Uwa, ke ce kika iya ajiya duk garin nan. Katin na gaske ne. Ɗan wasan ne dai ban yarda da shi ba, wannan ko ƙwallon da aka mirgino masa ba ya iya kamawa."

Aka sake fashewa, har da Eugene wannan karon, ko da yake idonsa ya cika. Ya juya wurin tsohuwar, a gaban kowa, ya ce, "Mama, ki yafe min."

"Na yafe. Tsaya daidai, ka daina ranƙwafawa."

Vince bai saki katin ba tukuna. Da wasa da gaske ya ce ko za ta sayar masa, ya sa a gilashi ya rataya a shagon aski, duk wanda ya zo ya ga yadda ake yanke wa gida kai. Irene ta miƙa hannu ta jira har ya ɗora mata shi a tafi.

"Nemi naka," ta ce. "Wancan ɗan New York ɗin ai dubbai aka buga. Wannan guda ɗaya gare ni."

Ta mayar da shi tsakiyar littafi, ta rufe jaka, sannan ta tambaya ko donot ɗin kyauta ne.