Ranar da Gawar Kakana Ta Jira a Zaure

Shekaranjiya na shiga butik ɗin wani mai kayan ƙamshi a kasuwa, sai ya buɗe wani gwangwani, warin kafur ya bugi hancina. Na tsaya cak, har mai butik ya ce, "Hajiya, lafiya?" Na ce lafiya lau. Ban iya gaya masa cewa warin nan ya mayar da ni gidanmu na tsohon gari ba, wata safiyar bazara, ina ƴar shekara tara.

Gidanmu na ƙasa ne, cikin lungunan nan na Agadas da jaki biyu ba sa gittawa a lokaci ɗaya. Kakana namiji baduku ne. A zaure yake zama, fatu rine da ja da kore a rataye bisa kansa, yana ɗinka takalma da jakunkunan sirdin raƙumi. Ƴaƴansa maza biyu ne, babana da ƙanensa, wanda muke kira Baffa. Tun da na yi wayo a akushi ɗaya nake ganin suna cin tuwo, su uku, kowa ya san gefensa.

Babana ɗan ɗariƙa ne kamar mahaifinsa. Bayan magariba sukan zauna da'ira a masallacin unguwa, muna jiyo amon zikirinsu daga tsakar gida. Baffa kuwa ya tafi fatauci kudu, ya yi shekara uku, ya dawo da littattafai cike da akwati da wandon da bai kai idon sawu ba. Ya fara ɗora hannu a ƙirji in yana salla, alhali duk unguwa sakin hannu ake yi. Ya ce zikirin da'ira bidi'a ce. Babana ya ce yaro ya je ya karanta shafi biyu ya dawo yana gyara wa tsofaffi alwala. Kafin damina ta zagayo, Baffa da abokansa sun kafa rumfar sallarsu a bayan unguwa, kuma mahaifiyata ta fara zuba tuwo a akushi biyu.

A ɗakin da ke kusa da zaure akwai wani baƙo da ya daɗe tare da mu, Kirista ne daga ƙasashen bakin teku, yana gyaran injuna a wurin haƙar gawayi na Cirozerin. Tonton muke ce masa. Ranar Asabar yake dawowa, da baƙin mai a farcensa da alewa a aljihu. Ka san abin da ya fi ba ni mamaki? Babana yakan zauna ya sha shayi da Tonton har kofi na uku suna dariya. In ya tashi, sai Baffa ya zo ya zauna a tabarmar nan, shi ma su yi ta hira. Ba wanda ya taɓa tambayar Tonton inda yake sa hannunsa in yana addu'a. Amma su biyun da suka sha nono ɗaya, suke fuskantar alƙibla ɗaya, in sun haɗu a ƙofa sai kowa ya dubi bango.

Wata rana kakata, matar kakana, ta tambayi Tonton ko su ma suna irin wannan. Ya yi murmushi mai ɗaci, ya ce, "Inna, ƙanwata ta bar majami'armu ta koma wata. Shekara shida ke nan ba ta shiga gidana ba. Ta ce ni ɓatacce ne." Kakata ta girgiza kai, ta ci gaba da tsince geronta, ta ce, "Ashe ko'ina na kusa ake wa hukunci."

Kakana bai taɓa shiga gardamar ba, a gabanmu dai. Amma na lura ya daina cin tuwon kirki. Yakan ɗauki loma biyu a wannan akushi, loma biyu a wancan, ya wanke hannu.

Ya rasu cikin bazara, jim kaɗan bayan asuba, a irin kwanakin da bango ke ƙona tafin hannu tun hantsi. Aka yi masa wanka da ganyen magarya da kafur, aka sa shi a likkafani, aka shimfiɗe shi a zaurensa. Mu mata da yara muna ciki. Ana jiran a ji an ɗauke shi, sai muka ji murya tana tashi. Babana ya ce malamin ɗariƙarsu ne zai yi salla, don shi ne aminin mamaci. Baffa ya ce ba zai tsaya bayan mai bidi'a a kan gawar ubansa ba. Mutanen kowane ɓangare suka taru a nasu gefen lungu. Inuwa ta janye daga bango. Masu haƙa kabari suka aiko sau biyu cewa sun gama. Tonton, da ya kawo motar aikinsa ko za a buƙata, yana tsaye daga nesa da hula a hannu, bai san inda zai sa idonsa ba.

Kakata tana zaune a ɗaki, an lulluɓe ta, ta shiga takaba. Sai ta miƙe. Ƴan'uwanta suka riƙe ta, ta zame. Ta ratsa tsakar gida ba takalmi, ta tsaya a bakin ƙofar zaure ta ciki, inda mace ba ta tsayawa ran jana'iza. Ina bayanta, riƙe da gefen zanenta. Ba ta ɗaga murya ba.

"Shekara biyu kuna hana shi cin abinci," ta ce. "Yau kuma za ku hana shi kwanciya? Rana ta yi. Mutumin nan jira yake."

Babana ya kau da kai. Baffa ya sunkuyar da kai. Can sai wani tsoho ya kamo hannun ladanin unguwa, makaho ne, wanda ba a taɓa jin ya faɗi ra'ayinsa a kan kowa ba, ya tsayar da shi a gaba. Aka yi sahu ɗaya a lungu, wasu hannu a ƙirji, wasu a sake. Aka ɗauki makara, ƴaƴansa biyu a gaba.

Kada ka ɗauka daga ranar komai ya gyaru. Baffa bai zauna addu'ar uku ba, ya ce ba ta da asali. Amma shi ya yini yana ɗebo wa masu gaisuwa ruwa. Bayan takabar kakata ya gina gidansa a sabuwar unguwa. Sukan gaisa da babana ran salla da ran rasuwa, gaisuwar da ba ta wuce tambayar iyali. A haka babana ya cika, shekaru goma sha da suka wuce. Baffa ne ya yi masa wanka, kuma an ce sai da aka karɓi butar daga hannunsa don kuka.

Yanzu masallatai sun yi yawa a garin nan, kowane da lasifikarsa, kuma ƴaƴana a salula suke nasu musun, da mutanen da ba su taɓa gani ba. Rumfar Baffa ta zama babban masallaci na siminti. Bara samarin da ya koyar da bakinsa suka ce ya yi sanyi, yana sassauta wa mutane, suka sa wani ya riƙa ba da salla.

Na je gaishe shi. Na same shi a ƙofar gida bisa tabarma, gemunsa fari fat, ana jiyo wa'azin sabon limamin daga lasifika, murya mai kaifi. Muka saurara tare na ɗan lokaci. Sai ya juyo ya ce, "Ƴata, ni ma haka nake magana a lokacin?"

Na so in yi masa kara, amma na ga da gaske yake tambaya. Na ce, "Haka, Baffa."

Ya dubi hannuwansa. Ya ce, "Kuma yayana bai taɓa ce mini in fita masa daga gida ba."