Minti Bakwai na Injiniya Esta

Kullum da ƙarfe bakwai saura kwata, kafin masu ƙosai su kwashe kaskon farko, Esta Daniel ta riga ta buɗe wani ƙaramin ɗaki a Gwandu wanda ko tagar kirki ba shi da ita. Abin da take fara yi shi ne ta ɗora tafin hannu a jikin wata baƙar kwamfuta da ke kan kanta, ta ji ɗuminta. Sai ta leƙa batiran sola, ta zauna, ta buɗe wani layi mai hawa da sauka a kan allo, ta rubuta lamba ɗaya a littafinta. Shekara tara ke nan tana haka, har ranar Lahadi kafin ta wuce coci. Mutumiyar Zuru ce, gajera, ba ta da yawan magana. Mu ungozomai Injiniya muke ce mata.

Ni sunana Rahmatu. Ungozoma ce ni a wani ƙaramin asibiti kusa da Wurogauri, a ƙasar Kalgo, shekara ashirin da shida ina karɓar haihuwa. Na ji Esta za ta miƙa aiki ta koma gida a ƙarshen watan nan, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Kuma gara in faɗa da bakina tun yanzu: duk cikinmu babu wadda ta kai ni zagin yarinyar nan.

Baƙar kwamfutar nan ita ake kira saba. Ta ƙungiyarmu ce, ta ungozomai da direbobi na Gwandu da Kalgo. Idan haihuwa ta zo da gardama, maɓalli ɗaya nake dannawa a waya. Saƙon ya tafi wurin sabar, ita kuma ta buga wa direbobi arba'in a lokaci guda, ta tura wanda ya fi kusa, ta kuma kira masu ba da jini waɗanda jininsu ya dace da na mai naƙudar. A wayar kuma muke cika takardar kowace haihuwa. Da muka ga daɗin abin, sai muka watsar da tsofaffin littattafanmu na lambobi. Nawa ma gara ta cinye shi.

Shekara biyu da suka wuce, wajen ƙarshen damina, sabar ta fara suma. Ka danna, wata 'yar da'ira ta yi ta juyi a fuskar waya, shiru. Esta ta kashe ta ta kunna, ta farfaɗo. Da farko sai ta yi mako guda lafiya. Daga baya kwana uku. Kafin a yanke shinkafa ta koma kullum. Wanda bai taɓa tsayawa kan mace mai zubar da jini yana kallon wannan da'ira ba, ba zai gane abin da nake nufi ba. Wallahi har a cikin salla nake ganin juyinta.

Ga kuma Hajara. Ɗiyar wana ce, ni na riƙe ta tun tana shekara huɗu, ni na aurar da ita a Wurogauri. Tana da cikin fari, kuma tun a awo likita ya ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai, idan ta zubar ko kaɗan ne a wurin haihuwa sai an yi mata ƙari da gaggawa. Muka shirya in kai ta Kalgo mako guda kafin lokacinta. Duk ranar da sabar ta suma sai in lissafa kwanakin cikin Hajara, in ɗauki waya in huce a kan Esta.

"Ke wai mi kike yi a ɗakin nan? Zaman fanka anka kai ki?"

"Mama, ki yi haƙuri, ina dubawa."

"Kullum kina dubawa! Sai mun rufe wata sannan za ki gani?"

Ba ta taɓa kashe mini waya ba. Ni ce nake kashewa.

A taron wata-wata shugabanmu ya ce ai memori ne ya yi kaɗan, a ƙara. Aka ƙara. Esta ta sa shi ba musu, amma ta ce ba shi ne maganin ba. Na ce to ta yi mana bayani da Hausa, ta bar mu da turancinta. Ta ce, "Mama, memori kamar faifan da ke hannunki ne in kina tsince shinkafa. Rumbu daban yake. Abin da kika gama da shi a faifai juyewa kike yi. Tamu ba ta juyewa, ɗorawa kawai take yi. In an ba ta babban faifai, shi ma zai cika." Na yi tsaki. Wata guda bai cika ba sabar ta koma sumanta.

Abin da ta yi bayan nan, direbanmu Yusufu ne shaida, don shi yake kai mata abinci idan ta ƙi fita. Kwana biyar tana ɗaukar hoton duk abin da ke cikin memorin, ɗaya da safe, ɗaya da la'asar, ta jera su tana kwatantawa. Saƙon direbobi ya shiga ya fita. Kiran masu jini ya shiga ya fita. Abu ɗaya ne ke shiga ba ya fita, takardar haihuwa. Ta ƙirga ta samu dubu huɗu da ɗari uku da 'yan kai, kowace da hotunan katin awo a maƙale da ita. Ko an kashe sabar an kunna, kafin ta yi komai sai ta sake kwaso su duka ta riƙe. Shi ya sa kwanakin lafiyarta suke ta raguwa. Da Esta ta buɗe takardun, ta ga dukansu gurbi ɗaya ne ba a cika ba.

Wata safiyar Laraba sai ga ta a kan kabu-kabu a ƙofar asibitina, ƙafafunta duk taɓo. Bayan mun gaisa ta miƙo mini waya ta nuna gurbin.

"Mama, me ya sa ba ku sa sunan jariri?"

"Ikon Allah! Wa kika taɓa gani an raɗa wa suna ran haihuwa?"

"Na sani, sai ran bakwai. Amma wannan takardar ta shekara biyu ce."

Na ce ta zauna. Na ce mace ta haihu da safe, da la'asar ta tafi gida, ni kuma ina kan wata. Idan ta dawo rigakafi, in ɗan fari ne, tambaye ta sunansa ki gani. Mayafi za ta ja ta rufe fuska, ko za ki kwana kina tambaya ba za ta faɗa ba, kunyar ɗan fari ce. Akwai kuma waɗanda ba su kai kwana bakwan ba. Na ce, "Ke za ki iya zuwa gidan ki ce wa uwar ta ba ki suna za ki cika takarda?"

Sannan ta gaya mini cewa waɗanda suka ƙera manhajar da ke tafiyar da sabar, can wani birni mai nisa, sun ɗauka a cikin awa ɗaya ake gama takardar. Don haka suka sa sabar ta riƙe ta a hannu har sai an sa suna. Ita kuma baiwar Allah tana nan riƙe, tana jiran sunayen da ba za su zo ba. Na ce to wace shashasha ce ta fi barin takardu a buɗe? Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ɗari uku da tamanin naki ne, Mama." Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Shugaba ya ce a goge su duka a huta. Esta ta ƙi. Ta ce a cikin takardun nan ne aka rubuta wadda ta taɓa zubar da jini da wadda aka yi wa aiki, kuma matan nan za su sake haihuwa. Ta zauna ta gyara da kanta: takarda ko ba suna, bayan 'yan mintuna sabar ta ajiye ta a ma'ajiya ta saki hannunta, ranar bakwai ta tuna wa ungozoma, in an samu suna a sa, in ba a samu ba a bar ta. Kwana huɗu tana gwada gyaran a kan wata tsohuwar kwamfuta. Masu manhajar suka ce a jira su wata mai zuwa. Shugaba ya ce a jira masu manhajar. A lokacin sabar tana suma sau biyu a wuni.

Hajara ba ta jira kowa ba. Saura mako uku lokacinta, ranar wata Asabar da hantsi, mijinta Abdulrahman ya kawo ta a kan babur. Kafin goma da rabi ta haifi mace. Na ce alhamdu lillahi. Ban rufe baki ba jini ya ɓalle.

Na yi mata allura, na danne mahaifa da hannu biyu, na ƙwala wa Abdulrahman kira ya zo bakin taga ya ɗauki wayata ya danna jan maɓallin. Ya danna. Ya ce, "Gwaggo, wani abu ne ke juyi." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Direbobi biyu nake da lambarsu a ka. Ɗaya yana kasuwa a Jega, ɗaya wayarsa a kashe. Leɓen Hajara ya fara yin fari. Tana ce mini, "Gwaggo, sanyi nake ji." Hannuwana biyu suna kan cikinta, da wane zan kira mutum arba'in ɗaya bayan ɗaya?

Na ce ya kira Esta ya buɗe murya. Ban san abin da na faɗa mata ba, na dai san kuka nake yi ina ihu. Muryarta ta fito a hankali.

"Mama, ki saurare ni. In na kashe na kunna irin na kullum, minti ashirin ne, kuma tana iya sake faɗuwa. In na sa gyaran nan, minti bakwai. Ba a ba ni izini ba. Zan sa. In ya ƙi, laifina ne."

"Ki sa! Don girman Allah ki sa!"

Ba ta kashe wayar ba. Ina jin ƙarar yatsunta a kan maɓallai, ina jin jinin ɗiyata yana ɗiga a ƙasa. Akwai agogo a bangon ɗakin, na ƙi kallonsa, na kuma kasa daina kallonsa. Minti huɗu, Hajara ta daina amsa mini. Na riƙa kiran sunanta ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Abdulrahman yana gindin taga riƙe da wayar. Na riga na fara tunanin abin da zan ce wa wana.

"Ya sake dannawa yanzu," in ji Esta.

Ya danna. Da'irar ta juya sau ɗaya ta ɓace. Kafin in ja numfashi wayar ta yi ƙara, Yusufu ne, ashe yana kan hanyar Diggi ya sauke wata, bai fi tafiyar minti goma tsakaninmu ba. Da muka isa asibitin Kalgo mun tarar da mutum biyu zaune a benci sun naɗe hannun riga, wani malamin firamare da wani masunci da ko kayan aikinsa bai cire ba. Ledar jini biyu aka ƙara mata. Sai bayan la'asar ta buɗe ido ta tambayi jaririyarta.

Yusufu ya gaya mini da ya koma Gwandu ya sami Esta zaune a ƙasa tana kallon allo. Layin nan na kan allo mai nuna cikar memori, wanda ya yi watanni yana hawa, ya sauko ƙasa ya kwanta. Daga ranar zuwa yau sabar ba ta sake suma ba. Takardar gargaɗi aka ba ta saboda ta yi aiki ba izini. Ta karɓa ta sa a cikin littafinta.

Esta, ke ce mai tsaron ƙofar da ba a gani. Ke ce kika hau kabu-kabu cikin taɓo kika zo kika tambayi tsohuwar da ke zaginki, maimakon ki zauna a ɗaki ki ce mu jahilai ne. Ba ki ce mu canza al'adarmu don kwamfuta ba, ita kika koya wa haƙuri da mu. Na zage ki a gaban mutane, to ga shi a gaban mutane ina roƙonki ki yafe mini. Na gode, Allah ya saka miki da alheri, ya kai ki Zuru lafiya.

Ba zan ɓoye ba, tafiyarki tana ba ni tsoro. Wanda zai karɓi ɗakin nan, ina roƙonsa ya riƙa duba layin nan kowace safiya tun ba abin da ya faru. Ku kuma matasanmu masu karatun kwamfuta, idan na'ura ta ƙi, ku fito ku tambayi masu amfani da ita yadda suke rayuwa.

Saura abu ɗaya da ban taɓa gaya miki ba. Ranar bakwai wayata ta yi ƙara, sabar tana tuna mini in sa sunan jaririyar Hajara. Shi ne tuni na farko da ta taɓa aiko mini. Na tambayi Hajara don tsokana, ta ja mayafi ta rufe fuska. Uwar mijinta ce ta faɗa, na rubuta: Halimatusa'adiya. Har gobe wannan suna ba zai fito daga bakin Hajara ba, dole ta nemi wani da za ta riƙa kiran ɗiyarta da shi. Yarinyar tana gudu yanzu, ba ta zama wuri ɗaya. In kin bi ta Wurogauri kafin ki tafi, ki tsaya a ƙofar gidansu ki saurara. Za ki ji uwarta daga madafa tana cewa, "Injiniya! Zo nan, bar wutan nan!"