Faifan Inna Saude na Ƙarshe

Maƙwabciyata Inna Saude ta shekara arba'in tana saƙar faifai a Gwiwa kafin yanar ido ta kama ta. Ƙanenta Mamuda, malamin makaranta, ya nuna mata hoton wani tarin taurari mai nisa ta kudu, a nannaɗe kamar faifai, da sanda gicciye a tsakiya.

Na ce, "Inna, har sama faifanki ya kai, da muciya a kai!"

Ta ce, "Uwar tsokana! Sai na saƙa irinsa kafin idon ya rufe."

Bayan wata biyu ta gama. Ta miƙa shi wajen bango, tana zaton ni ce. "Ya yi kama?"

A karkace yake, launukan sun cakuɗe. Na ce, "Sak."